Bauchi, Gombe, Kaltungo ko Yankari: Ina Za Ka Yada Zango Idan Za Ka Zaga Garuruwan Duwatsu da Mota?

Yayana ne ya kira ni daga Kano wani dare bayan isha'i. Ya samu hutun kwana biyar, yana da Corolla mai lafiya, yara kuma sun hana shi sakat da maganar duwatsun da suke gani a hotunan da nake turawa gida. "Kai da ka san hanyoyin nan, a ina zan kama ɗaki?" Na ce, "Yaya, wane dutsen kake son gani?" Ya ce duka. Na yi dariya, domin irin amsar ke nan da ke sa mutum ya ƙare hutunsa a bayan sitiyari.

Ni haifaffen Bauchi ne, amma sana'ar kai iri da maganin feshi wurin dillalan ƙauye ta sa na shekara da shekaru ina kwana a Gombe da garuruwan kudancinta. Abin da na fara fahimtar da shi shi ne duwatsun yankin nan ba a waje ɗaya suke ba, gungu biyu ne. Akwai na Bauchi: Dass da dutsen Mbula, duwatsun Buli, Zaranda da Panshanu a hanyar Jos, sai Ningi can arewa. Akwai kuma na kudancin Gombe: Billiri, Kaltungo, Tula, Cham, Dadiya, har zuwa Filiya ta wajen iyakar Taraba. Tsakanin birnin Bauchi da na Gombe kaɗai kimanin kilomita 150 ne, daga Gombe zuwa Kaltungo kuma wajen 70. Wanda ya kwana Bauchi ya ce zai je Tula ya dawo a yini guda, ya shirya yin sama da kilomita 450, kuma bai ga komai ba sai bayan tireloli.

Abin da ya kamata a auna

Ma'auni na farko a wurina, wanda ya danne sauran, shi ne: za ka iya fita bayan asuba, ka hau dutse, ka ci abinci a nutse, ka dawo masauki kafin kiran magariba? Tuƙin dare a hanyoyin nan ba abin wasa ba ne. Ga manyan motocin da suka lalace aka bar su a kan kwalta da 'yan ganyaye a matsayin alama, ga shanu masu tsallakawa, ga ramin da ba ya nan makon jiya. Duk zangon da zai tilasta maka tuƙin dare sau biyu a kwana biyar, ka cire shi daga lissafi komai kyan ɗakinsa.

Na biyu kuɗi, kuma a nan mutane ke yaudarar kansu. Suna kwatanta kuɗin ɗaki da kuɗin ɗaki, su manta da tanki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da mota ke sha a yini kan kai kuɗin kwana, wani lokaci ya wuce. Lissafin mai sauƙi ne: ƙaramar mota mai ɗauke da iyali da kaya, ka ƙaddara lita ɗaya a kowace kilomita 10, a hawan dutse ma ta fi haka. Ka ninka da farashin lita na ranar da za ka tashi.

Sai sauƙin zama: wuta da ruwa a masauki, abincin da yara za su ci ba rigima, gidan mai na gaskiya, makanike da kayan gyara, asibiti. Sai ɗorewa, wato kwana nawa zangon zai ɗauke ka kafin ka fara maimaita hanya ɗaya har ta gundure ka, da yadda hanyoyinsa ke jure damina, da irin wahalar da mota za ta sha. Na ƙarshe haɗari: na hanya, na tsaro, da na abin da ke kwance a ƙarƙashin ciyawa.

Birnin Bauchi

Idan yawan hanyoyin fita ake bi, Bauchi ba ta da abokin karawa. Kowace safiya kana iya kama wata ƙofa daban. Ka bi ta Yalwa ka miƙe kudu, duwatsun Buli na gefenka, cikin awa ɗaya kana Dass, kimanin kilomita 50. Garin a gindin dutsen Mbula yake zaune, manyan curarrun duwatsu sun hau kan juna kamar wani ya jera su da hannu ya tafi ya bar su. Idan da sauran rana ka zarce Tafawa Balewa da Bogoro, ƙasar Sayawa, ka juyo da la'asar. Washegari ka kama hanyar Jos: dutsen Zaranda, Nabordo, sai Panshanu inda kwalta ke kurɗawa tsakanin duwatsu. A ƙasar Toro ne ake da zanen mutanen da a jikin dutse a Geji, amma wannan sai da ɗan gari, kuma ƙarshen hanyar da ƙafa ake yin sa. Rana ta uku hanyar Ningi: ka tsaya Kafin Madaki ka ga ginin Babban Gwani, maginin nan da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ka leƙa gandun Sumu inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya, sannan ka ƙarasa Ningi. Wanda ya tsaya ya dubi duwatsun Ningi zai gane yadda malaman da suka yi ƙaura daga ƙasar Kano a tsakiyar ƙarni na 19 suka gagari Kano da Bauchi shekara da shekaru. Doki ba ya hawa wurin.

Ranar da jiki ya gaji kuma, cikin garin ma akwai abin gani: kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, Firayim Ministan da aka kashe a watan Janairun 1966, da fadar Sarki, da ragowar ganuwa da ƙofofinta irin su Wunti da Ran da Nassarawa. Da safe ka aika a sayo masa da miyar taushe. Ba don garinmu ba ne, amma har yau ban ci masar da ta kamo ta Bauchi ba, kuma na ga mutanen Gombe na cika kwali da ita su tafi da ita tsaraba.

Wajen kuɗi, Bauchi tana da kowane mataki, daga manyan otal irin Zaranda har ƙananan masaukai na unguwa, don haka akwai damar ciniki da sauya wuri idan ba ka gamsu ba. Man da za ka ƙona matsakaici ne: Dass da dawowa lita goma ko sha ɗaya, Ningi da dawowa ya ninka haka. Makanikai da 'yan kayan gyara ba a maganarsu, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ga filin jirgi a hanyar Ningi ga wanda zai zo ta sama ya ɗauki hayar mota. Garin kuma a kan tudu yake, daren Bauchi ya fi na Gombe sanyi-sanyi.

Inda take da rauni biyu ne. Na farko, kudancin Gombe ya yi mata nisa, ka cire Tula da Kaltungo daga ranka. Na biyu tsaro. Dajin Lame-Burra da ke tsakanin Toro da Ningi an sha samun rahoton ɓata-gari a cikinsa, haka wasu dazuzzukan Alkaleri. Babbar hanya da rana ba laifi, amma ratse irin na "bari mu shiga nan mu gani" ba a yin sa a wannan ɓangaren sai an tambayi direbobin tasha a safiyar ranar. Su ne ke da labarin jiya da daddare, ba waya ba.

Birnin Gombe

Gombe gari ne mai sauƙin tuƙi. Tun da ta zama hedikwatar jiha a 1996 take ta buɗewa, tituna masu faɗi, sababbin masaukai a GRA da Tumfure da bakin hanyar Bauchi. A ganina, idan ka biya kuɗi daidai da wanda za ka biya a Bauchi, sau da yawa ɗakin Gombe ya fi sabunta. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, akwai filin jirgi a Lawanti, akwai gasasshen nama da daddare wanda zai mantar da kai gajiyar yini. Mai iyali da ƙananan yara, ko mai tafiya da dattijo da ke shan magani, a nan hankalinsa zai fi kwanciya.

Sai dai garin a cikin kwari yake. A watan Maris da Afrilu zafi kan sauka ya zauna kamar an kife tukunya, kuma ɗakin da ba shi da tsayayyar wuta azaba ne. Kafin ka biya, tambayi mai karɓar baƙi ƙarfe nawa ake kashe janareto, ko kuwa sola suke da ita, kuma solar tana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kaɗai.

Abin da Gombe ke da shi a kusa: Dadin Kowa, ƙasa da kilomita 40 ta gabas, inda aka datse kogin Gongola, ga dutsen Bima ya miƙe a gefe, ga soyayyen kifi a bakin hanya. Fita ce ta rabin yini, mai daɗi da yara. Ta arewa kuma akwai Bajoga da filin Mbormi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya faɗi a yaƙi da Turawa a 1903. Wannan ba dutse ba ne, amma mai son tarihi ba zai so ya wuce shi ba.

Matsalar ita ce ainihin garuruwan duwatsun duk a kudu suke, kuma hanya ɗaya ce ke kai ka: Gombe, Kumo, Billiri, Kaltungo, wadda ta zarce Cham da Numan har Yola. Hanyar manyan motoci ce. Ranar farko za ka ji daɗinta, domin daga wajen Kumo ƙasa ke fara tashi, duwatsu na ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Rana ta biyu ka san kowane shinge da kowane rami. Rana ta uku yara sun yi barci tun kafin Kumo. Ga lissafin kuma: kilomita 140 kullum, zuwa da dawowa, kafin ma ka fara yawon da ya kawo ka. Lita 14 ke nan a rana, kwana uku lita 42, kusan cikin tankin Corolla, an ƙone shi a kan kwaltar da ka riga ka gani. Haɗa da wajen awa uku na kowane yini da suka tafi a banza. Tula daga Gombe wajen kilomita 100 ce. Ana zuwa a dawo, na sha yi, amma da ido ɗaya a kan agogo.

Kaltungo, ko Billiri maƙwabciyarta

Nan ne zuciyata take, kuma nan ne na fi jan kunne.

Wanda ya kwana Kaltungo, ya buɗe ƙofa da safe, dutse ne zai fara yi masa sallama. Garin a jikin duwatsu yake, ga dutsen Kilang can ya tsaya shi kaɗai da tsininsa, ana hango shi tun daga nesa. Billiri tafiyar minti ashirin ce ko ƙasa da haka. Tula kimanin kilomita 30: ka saki babbar hanya, ka fara hawa, kwana bayan kwana, har ka ji iska ta sauya. A saman akwai garuruwan Wange da Baule da Yiri, akwai tsohon kurkukun da Turawa suka gina lokacin da suka mai da Tula mazaunin mulkinsu na wannan yanki, akwai gonakin da aka daddatse da jerin duwatsu a jikin gangara don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Ka tsaya bakin tudun da hantsi ka dubi ƙasa, ƙauyuka kamar an watsa tsaba. Daga Kaltungo kuma Cham, Bambam, ƙasar Dadiya, dam ɗin Balanga ta wajen Talasse, duk fitar yini ce ba gaggawa. Kana iya hawa dutse da sanyin safiya, ka dawo ka yi wanka ka yi ƙailula, ka sake fita da la'asar. Babu wani zangon da zai ba ka wannan.

Kuɗi kuwa, nan ne mafi araha ta kowace fuska. Ɗaki bai kai na birni ba, mai kuma lita biyar zuwa sha biyu kan ishe ka yini. Amma araha ba ta ado. Masaukai kaɗan ne, kuma idan aka yi biki ko jana'izar wani babba, ko lokacin Kirsimeti da 'yan gari ke dawowa gida daga ko'ina, ba za ka samu ko tabarma ba. Na taɓa sauka a wani masauki a yankin, mai wurin ya rantse mini wuta har asuba. Sha ɗaya da rabi janareto ya yi tari biyu ya mutu. Na fito da tocila, na tarar da yaron da ke gadi yana barci a kan benci, ya ce mai ya ƙare, kuma mai gidan ya tafi da makullin sito. Na kwana ina fifita da kwalin maganin feshi, sauro na yi mini waƙa. Tun daga ranar ba na biyan kuɗin ɗaki sai na kunna famfo na ga ruwa, na ɗaga katifa, na tambaya ko akwai mashaya a harabar, domin wasu wuraren kiɗa ba ya tsayawa sai tsakar dare. Gidan sauro kuma a but ɗin motata yake kwana.

Sauƙin zama sai a hankali. Akwai gidajen mai, amma ni a Gombe nake cika tanki, don kada in ƙare a hannun 'yan bumburutu. Mai faci da makaniken da zai lallaɓa mota ba sa wuya, amma idan wani abu ne ya karye, daga Gombe za a kawo shi, yini ya tafi. Sabis na ɗaukewa a bayan duwatsu, taransifa ta maƙale, mai POS ya ce a dawo anjima, don haka ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana. Yanki ne na Musulmi da Kirista a cakuɗe, ranar Lahadi da safe shaguna da yawa a rufe suke, ka sayi burodi da ruwan yara tun ranar Asabar.

Mota kuma a nan take shan wuya. Farkon saukowata daga Tula na ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama. Kafin in kai rabi na ji ƙauri kamar an ƙona roba, birkin ya yi laushi, sai na taka har ƙasa kafin ya kama. Allah ya sa akwai fili a gefe. Wani mai a-kori-kura ya tsaya, ya sa bayan hannunsa kusa da wilin ya janye da sauri. Ya ce, "Malam, giya ta biyu ake saukowa da ita, injin ne zai riƙe maka mota. Kada ka zuba ruwa, bar shi ya huce da kansa." Minti arba'in muka yi a inuwa yana ba ni labarin waɗanda ba su samu filin tsayawa ba. Mai mota otomatik ya mai da ita kan L ko 2. Kafin ka taho a duba maka birki, ruwan lagireto da safaya.

Sai babban abin. Ba banza aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba, wanda ake kawo mutane daga jihohin maƙwabta. Ƙasar kububuwa ce, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa: ƙarama, launinta launin tsakuwa, ba ta gudu, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Ta fi yin ɓarna lokacin shuka da lokacin girbi. Wata rana a gindin wani dutse na gai da wani tsoho da ke gyaran dawa, na ce, "Baba, ta ina ake hawa?" Bai dubi dutsen ba, ƙafata ya duba. "Ɗana, da wannan silifas ɗin?" Ya kira jikansa, ya ce ya shige gaba da sanda, ni kuma in taka inda ya taka, kada in sa hannu a ramin dutse, kada in zauna a kan dutsen da ban zagaya shi ba. Takalmi sau-ciki mai kauri, dogon wando, tocila da daddare ko fitsari za ka fita. Idan tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, a sa mutum a mota a nufi asibiti. Abin mamaki, wannan ma wani dalili ne na zama kusa da Kaltungo maimakon nesa da ita.

Ta fuskar zaman lafiya, mutanen yankin masu karɓar baƙo ne ƙwarai, amma akan samu rikicin gona ko na sarauta jefi-jefi, musamman da kaka. Baƙo ba ya tsoma baki. Ka fara gai da mai unguwa ko dagaci kafin ka hau kowane dutse, domin wasu wuraren na al'ada ne, ba a shiga, ba a ɗaukar hoto. Ɗan jagoran da aka haɗa ka da shi ka sallame shi da kyau.

Yankari

Mutane da yawa kan ce, tunda za a zo Bauchi, me zai hana a sauka a sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin dajin Yankari, a riƙa fita daga can? Kada ka fara. Yankari wurin zuwa ne, ba wurin fita ba. Daga Bauchi zuwa sansanin sama da kilomita 100 ne: ka ratse a Dindima, ka isa ƙofar Mainamaji, sannan ka yi sauran kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji kafin ka ga ɗakinka. Kowace fita sai ka maimaita wannan, kuma ba a shiga da dare. Ga kuɗin shiga, abinci kuma wuri ɗaya ne, farashin da aka faɗa shi ne. Gidan mai da makanike sai ka fito.

Amma a ba shi kwana ɗaya ko biyu a tsakiyar tafiya, tunda a kan hanyar Bauchi zuwa Gombe mararrabarsa take. Ruwan maɓuɓɓugar Wikki garai-garai yake, ɗuminsa wajen digiri 31 rani da damina, kuma babu abin da ke warware ƙafar da ta hau dutse kamarsa. Da rani akan dace da giwaye a bakin kogin Gaji. Ka dai kulle ɗaki da gilashin mota, gwaggon birin wurin ya san leda, ya san kula.

Dass ma wasu kan tambaya. Tana da kyau, amma tunda awa ɗaya ce daga Bauchi, ban ga abin da kwana a can zai ƙara maka ba, sai fa mai ɗaukar hoto da ke son fitowar rana a kan Mbula.

| Zango | Kuɗin ɗaki | Mai a yini | Sauƙin zama | Kwanakin da zai ɗauke ka | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Bauchi | Kowane mataki | Lita 10 zuwa 25 | Sosai | 4 zuwa 5, kullum sabuwar hanya | Ratse ta dazuzzukan Toro, Ningi da Alkaleri |
| Gombe | Matsakaici zuwa sama | Lita 8 gabas, 15 zuwa 22 kudu | Sosai | 2 zuwa 3 kafin hanya ta gundure ka | Manyan motoci, dare ya riske ka |
| Kaltungo ko Billiri | Ƙasa | Lita 5 zuwa 12 | Sai da haƙuri | 3 zuwa 4 | Kububuwa, gangara, rashin ɗaki |
| Yankari | Matsakaici zuwa sama, ga kuɗin shiga | Mai yawa idan ana fita | A ciki kaɗai | 1 zuwa 2 | Nisa da gari idan mota ta lalace |

Lokacin tafiya yana iya juya teburin nan. A Agusta da Satumba duwatsu sun yi kore shar, amma ruwa kan ci kwalbati ya raba hanya biyu, hanyoyin burji kuma sai babbar mota. A lokacin birni ya fi, don ko an toshe wata ƙofa akwai wata. Daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu hazo kan rufe komai, ka hau Tula ka ga fari fat. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba ne sarari ya fi washewa, ga sanyi-sanyi, sai dai lokacin girbi ne, ciyawa ta yi tsawo, takalmi ya zama dole. Maris da Afrilu kuwa, idan ba dole ba, a bari.

Wa ya dace da ina

Mai zuwa karon farko, wanda ke son ya haɗa dutse da tarihi da namun daji, kuma ba ya son ya kwashe kaya kullum: Bauchi, kwana huɗu, ya rufe da Yankari. Mai jariri, ko mai juna biyu, ko mai tafiya da iyaye tsofaffi: Gombe, ya yi Dadin Kowa rana ɗaya, Kaltungo da Billiri rana ɗaya, ya tashi da asuba ranar Tula, ya bar saman dutsen kafin ƙarfe uku. Samari uku ko huɗu da suka haɗa kuɗin mai, masu son hawa da ƙafa, waɗanda kwana ba wuta ba zai ɓata musu rai ba: Kaltungo, ba tantama, su kira a riƙe musu ɗaki tun mako guda kafin su taso. Mai ƙaramin aljihu ma nan ne nasa, idan dai motarsa lafiyayya ce. Wanda motarsa ke yawan zafi ko birkinta ke ƙara, ya zauna kusa da makanikan birni, ranar Tula ya ajiye ta a Kaltungo ya hau motar haya. Wanda ya taho daga Jos ko Kano da kwana biyu kacal, ya tsaya Bauchi ya yi Dass da Panshanu. Wanda ya taho daga Yola ko Jalingo, Kaltungo na kan hanyarsa, bai ma da dalilin ƙarasawa Gombe.

Yaya dai da ya ji maganar kububuwa sai ya yi shiru, na ji muryar matarsa daga nesa tana cewa ita fa ba inda za ta da yaranta. Muka daidaita a kan kwana biyu a Bauchi, ɗaya a Wikki, biyu a Gombe. Ranar Tula ni zan ja motar, an kuma aika kasuwar Kwari da Sabon Gari neman takalma sau-ciki ƙafa biyar.